Jirgin Baba a Bakin Yelwa

Da Baba ya bar mini jirgin, tsirara yake:
katako da kwalta, ba suna, ba zane,
sai tabon igiya a goshinsa
da ɗan kwarin da gwiwarsa ta ci a gefen kujerar baya.

Na ce wannan ba za ta saɓu ba.
Jiragen Rofiya na shigowa da ado, ana nuna su da baki,
nawa kuwa kamar akushin da aka manta a rana.

Na ja shi wurin Ɗantani mai fenti, bayan 'yan kifi.
Ya buɗe littafinsa wanda ruwa ya taɓa lasa,
ya ce, "Zaɓi. Ga Wuyan Zabo, ga Hadarin Gabas, ga Idon Mage,
kowane zane da launinsa, kowane launi da kuɗinsa."
Na ce shuɗi. Na koma kore.
Na kwana, na tashi, na dawo shuɗi.
Ya ce, "Yaro, fenti ba riga ba ne da za ka tuɓe da yamma."
Na ce a dai shafa.

Shuɗin ya zauna. Daga nan ido ya buɗe.
Na kafa rumfa, don rana.
Na ɗaura fitila mai cin hasken rana, don dare.
Sai rediyo, sai lasifika biyu, don kada a yi shiru.
Madubin wata matacciyar mota, ban san don me ba.
Akwatin ƙanƙara, wurin cajin waya mai baki shida,
soso a kan kowace kujera,
da ƙaho mai kukan saniya da Jatau ya sayar mini bashi.
Duk abin da na gani a jirgin wani
sai in ji nawa yana jin sanyi in babu shi.

Ranar kasuwa na tsaya a baki ina hura hanci.
Gwaggo Tambai ta iso da buhun albasa uku,
ta leƙa ciki, ta leƙa ni:
"Ɗan Barmo, ina zan aje kayana? Kan madubi?"
Aka yi dariya. Na yi kamar ƙahon nake gyarawa.

Muka tashi, in tashi ne wannan.
Inji na nishi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri,
ruwa ya hau, saura yatsa uku ya gaishe mu.
Na kunna fitila, rediyo ya mutu.
Na tada rediyo, caji ya ɗauke,
wayoyi sun sarƙe suna faɗa a ƙarƙashin soso
kowace na cewa batirin nata ne.
Manu ya wuce mu a jirginsa marar ko ɗigon fenti,
har ya sauke, ya sha fura, ya juyo,
muna tsakiyar kogi muna kwarfar ruwa da murfin akwatin ƙanƙara.

Daren nan na kwana da sukundireba a hannu.
Lasifika ta fita, akwati ya bi ta.
Ƙaho na mayar wa Jatau, ya ƙi karɓa, bashi na nan.
Da na ɗaga soson kujerar baya
sai ga kwarin gwiwar Baba yana jirana.
Na sa tawa. Ta ɗan yi mini yawa.

Na bar rumfa, don tsofaffi sun yaba.
Na bar fitila, don kogi ba ya da alkawari bayan magariba.
Shuɗin ma yana nan, ya fara koɗewa ta hagu.
Madubi yana ɗaki, Hakama na duba kwallinta.

Yanzu buhu goma sha biyu nake ɗauka, in je in dawo kafin azahar.
Sai dai jiya wani jirgi ya shigo daga Rofiya
da wata 'yar fanka tana juyi a ƙarƙashin rumfa.
Ban tambayi kuɗinta ba.
Na dai tambayi nauyinta.